Dogon Labari Ya Gundure Ka: Ka Ƙarasa ko Ka Ajiye?

Matashi a Maiwurno, ko a ɗaya daga ƙauyukanmu da ke jere a bakin Shuɗin Nilu tsakanin Sinnar da Damazin, ko a wani kambo na 'yan ƙwadago cikin Jazira, ya kama dogon labari na jarumai da aljanu da matsafa. Ya cinye littafi shida ko bakwai, wasu da ido, wasu da kunne ta waya. Yanzu garɗin ya gushe, amma zuciya ta ƙi yarda a ajiye. Ɗan'uwa, idan kai ne wannan, amsata ita ce babu wanda yake bin ka bashin ƙarasawa. Sai dai kafin ka yanke hukunci akwai abubuwan da ya kamata ka auna, don kada ka yar da labari mai kyau saboda gajiyar mako guda, kada kuma ka ba marar kyau wata uku na rayuwarka.

Na san inda nauyin yake fitowa. Mu mutanen allo ne. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Maiwurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda hanyar hajji ta ajiye a ƙasar nan, da allo da tawada suka iso, kuma tarbiyyar da suka bar mana ita ce wanda ya fara sai ya sauke. Yaron da ya bar halwa, wato makarantar allo, a tsakiyar izu abin kunya ne ga gidansu. Wannan ɗabi'a ce mai daraja ga Alƙur'ani da Ahalari da Risala. Amma mun ɗauke ta ɗungurungum mun ɗora wa labarin da aka rubuta don hira, har mutum yana jin kamar ya yi laifi in ya rufe shi. Bai yi ba. Dararen da ka riga ka kashe a kansa sun tafi, ko ka ƙarasa ko ka bari. Manomin da shukarsa ta ƙone a hawasha, wato gonarsa, saboda ruwan tur'a na ban-ruwa bai zo ba, ba ya ci gaba da biyan 'yan ƙwadago su nome ta don kawai ya sayi iri da tsada. Dararen gaba su ne naka, su za ka lissafa.

Abu na farko, ka bincika ko labarin yana da ƙarshe a rubuce. Mutane da yawa ba sa tambayar wannan sai sun yi nisa. A Kano an saba raba littafi kashi ɗaya, biyu, uku, domin cinikin na farko shi ke buga na biyu. In kasuwa ta ƙi, sai labari ya tsaya jarumi yana rataye a bakin rijiya. Yanzu da rubutu ya koma WhatsApp da YouTube, ana sakin shafukan farko kyauta, sauran sai an biya, kuma wani lokaci marubucin kansa bai kai ga rubuta ƙarshen ba. Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. Marubucin Amurka George R. R. Martin ya fitar da littafin farko na labarinsa na sarauta da dodanni a 1996, na biyar a 2011, kuma masu karatunsa sun shafe fiye da shekara goma suna jiran na shida. Robert Jordan ya rasu a 2007 bai gama nasa ba, sai Brandon Sanderson ya ƙarasa shi a littafi na 14 a 2013. Don haka kafin ka tura wa kowa kuɗi ta manhajar Bankak, ko ka sa ɗan'uwa a Najeriya ya biya maka, ka tambaya kai tsaye: an kammala? In amsar ta zo da kwana-kwana, ka dakata har a kammala.

Daga nan ka gane irin ginin labarin, domin iri biyu ne. Akwai wanda kowane kashi ke tsaye da ƙafarsa. Magana Jari Ce na Abubakar Imam littafi uku ne, amma aku ne ke zuba labarai ɗaya bayan ɗaya, ka tsaya inda ka ga dama ba ka yi asara ba. Haka Dare Dubu da Ɗaya. Haka ƙananan littattafan aljihu na Masar da yayyenmu suka taso da su cikin Larabci: Rajulul Mustahil na Nabil Faruk ya kai lamba 160, Ma Wara'aɗ Ɗabi'a na Ahmad Khalid Taufiƙ ya kai wajen 80. Wanda ya karanta ashirin ya bari, ya san jarumansu Adham Sabri da Dakta Rif'at Isma'il, ya ci rabonsa. A irin wannan babu ma abin shawara: ka ajiye yau, ka ɗauko wani kashi baɗi.

Wahalar tana ga iri na biyu, mai zare ɗaya daga farko zuwa ƙarshe: yaro maraya, annobar wani matsafi, takobin da sai an ƙetare tekuna kafin a same shi. Littattafan yaƙi irin waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi suna da su a Kano cikin wannan irin suke, haka tsohuwar sirar Saifu ɗan Zi Yazan, wadda ma take da alaƙa da kogin nan namu, tunda neman Littafin Nilu yana cikin manyan tafiye-tafiyen jarumin. A nan in ka bari, ka bar tambaya a buɗe, kuma ita ce ke hana ka barci.

Ga gwajin da na fi yarda da shi. Ka zauna da ƙanenka ko abokinka wanda bai san labarin ba, ka ba shi abin da ya faru a kashin da ka gama na ƙarshe. Ka saurari bakinka. In ka ji kana cewa wane ya gano mahaifinsa, wance ta ci amanar mijinta, sarkin da muke ƙi ashe yana da hujja, to labarin yana tafiya, ko da tafiyar hawainiya ce. In kuwa abin da ya fito shi ne sun yi yaƙi, sun ci nasara, sai aka ce akwai wani sarkin aljanu da ya fi wancan ƙarfi a bayan wani dutsen, kuma haka ka faɗa game da kashin da ya gabace shi, to marubucin yana juya ka ne wuri ɗaya. Alama mai ƙarfi ita ce wannan: labarin da ya nufi ƙarshe yana dawo da mutanen da ya ɓoye tun farko, yana cika alkawuran da ya ɗauka. Wanda ake ja don kasuwa kullum sababbin sunaye yake ƙarawa, tsofaffin kuma a manta da su. Tsakiyar dogon labari kan yi sanyi, wannan ba aibi ba ne. Masu karatun Jordan da yawa sun koka da littattafansa na tsakiya, suka daure, suka ce ƙarshen ya biya su. Abin da nake ƙi shi ne sanyin da ba ya kai ka ko'ina.

In gwajin bai raba maka gardama ba, nemi wanda ya gama, ka yi masa tambaya ɗaya tak: da ka kai ƙarshe, ka ji ka ƙoshi? Kada ka bari ya ba ka labarin. Fuskarsa za ta amsa kafin bakinsa. Kuma tsallake shafi halal ne. Ka tsallake bayanin fada da kirarin dakaru, ka sa sauti ya yi sauri in da kunne kake bi, ko ka je kashin ƙarshe kai tsaye ka kashe ƙishirwar sani.

Kada ka manta da tsadar abin a wurinmu. Caji kuɗi ne a shagon sola, data kuɗi ce, kuma wanda ya ga yadda aka yanke layukan waya a Fabrairun 2024 har mutane suka koma biyan awa a wurin masu Starlink ya san darajar kowane minti. In lokacin cirar auduga ne ko girbin alkama, ko jarrabawar shahada ta makaranta ta matso, ka rubuta a takarda inda ka tsaya da sunayen manyan mutanen labarin, ka ajiye. In bayan wata guda ka ji kana tunanin halin da ka bar su, koma. In ba su faɗo maka a rai ba, sun sallame ka.

Akwai dalili ɗaya da ba na so kowa ya ji kunyarsa. Jazira da Sinnar sun ga yaƙi na gaske. Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, ba a karɓo ta ba sai Janairun 2025. Sinja ma ta yi watanni a hannun waɗanda suka kama ta a 2024. Wanda ya gudu da tsohuwarsa a kan amalanke ba lallai ya iya jin marubuci yana ƙawata ƙone gari da kwasar ganima ba. In kana rufe littafin gabanka na faɗuwa, ko kana mafarkin abin da ka gani, ka bar shi yanzu, ko da ya fi kowane labari daɗi. Wani kuwa akasin haka ne: labarin ne kaɗai wurin da azzalumi ke samun sakamakonsa, yana kwantar masa da rai. Shi ya ci gaba. Kowa ya san abin da zuciyarsa ke ɗauka.

Wuri ɗaya ne nake roƙon ka daure. Yawancinmu da Larabci muka yi makaranta. Hausa a baki take, karanta ta da boko kuwa sai a hankali. In wannan ne dogon rubutun Hausa na farko da ka kama da idonka, wataƙila ba labarin ne ya gundure ka ba, idon ne ya gaji da haɗa baƙaƙe. Ka nemi wannan babin cikin sauti ka saurara. In ya yi maka daɗi a kunne, ci gaba da karatun, shafi biyar a rana, kana bin rubutun da ido yayin da mai karantawa ke faɗa, domin abin da kake samu ya wuce labarin. In a kunnen ma lami ne, sauya shi da gajere mai littafi ɗaya: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ko Ganɗoki na Bello Kagara, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Dukansu akwai abin mamaki da jarumta a ciki, kuma kowanne za ka iya kai ƙarshensa cikin mako ɗaya ko biyu.