Lantarki Yana Tayar da Jijiyar da Ta Ji Rauni?

Malam mai sauraronmu daga Hawandawaki yana tambaya: ɗansa na jan ƙafa tun da aka yi masa allura a ɗuwawu, shin lantarki zai taimaka?

Allah ya ba yaro lafiya, Malam. Mai yiwuwa allurar ta taɓa babbar jijiyar da ke kai saƙon motsi zuwa ƙafa. Irin wannan jijiya tana tohowa, amma da nawa, kamar milimita 1 a rana.

A Jami'ar Alberta ta Kanada, Farfesa Tessa Gordon da abokan aikinta sun nuna a 2000 cewa lantarki mai rauni, bugu 20 a daƙiƙa na awa 1, yana hanzarta tohon a jikin ɓeraye. A 2010 suka ga amfaninsa ga masu matsewar jijiyar wuyan hannu. Sai dai a ɗakin tiyata ake jona shi, kan jijiyar kanta. Don Allah kada a gwada da batir ko waya a gida.

Jinkiri ne abin tsoro, domin tsokar da ta haura shekara ba saƙo takan ƙanƙance. A kai yaron asibitin Tasawa ko Maraɗi, a riƙa lanƙwasa masa idon sawun kullum kada ya sandare.