Maganin Bushewar Gaba da Ƙwayar Maƙoƙo: Za a Iya Haɗa Su?

Yawancin matan da ke zuwa karɓar ƙwayar tairoksin a tagar ɗakin maganinmu, ina gane su tun kafin su miƙo kati. Idan mayafi ya ɗan zame, ga tabon aiki nan kwance a gindin wuya, siriri, ya yi duhu saboda daɗewa. An cire musu maƙoƙo a Kano ko a Shika, aka ce su riƙa shan ƙwaya ɗaya kowace safiya har iya rayuwa. Suna zuwa daga Ƙiru da Bebeji da ƙauyukan Tudun Wada, wasu ma daga Riruwai da Daɗin Kowa, sai sun ratso dajin Falgore. Wasu kuma ba a yi musu aiki ba, halittar tayirod ɗin ce da ke gaban wuya ta gaza, ta daina fitar da sinadarin da ke tafiyar da kuzarin jiki. A jikin kwalin za a ga an rubuta Levothyroxine, ko Euthyrox, ko Eltroxin. Duk abu ɗaya ne.

Da yawansu sun haura hamsin yanzu, al'ada ta ɗauke. Daga nan wata larura ta biyu ke tasowa, wadda ba a faɗa a layin asibiti. Sinadarin istirojin shi ne ke riƙe da laushi da danshin fatar gaban mace da ta hanyar fitsari. Idan ya ja baya, fatar sai ta yi siriri ta bushe. Ƙaiƙayi, raɗaɗi, zafi wajen kwanciyar aure, wani lokaci har da ɗan tsagewa. Fitsari ya riƙa matsowa akai-akai, mace ta kasa riƙe alwala daga Magariba zuwa Isha. Kusan rabin matan da suka daina al'ada suna fama da wannan. Zafin da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska da gumin dare sukan lafa bayan wasu shekaru, amma bushewar gaba ba ta tafiya da kanta, sai ma ƙaruwa.

A nan ƙasar sunanta ɗaya, sanyi. Mace ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta daga kemis, ta sake sha, ta yi allura, ta zauna a ruwan bagaruwa, ta sayi matsi wajen mai kayan mata. Wasu har alimun suke sawa. Fatar da ta riga ta bushe aka ƙara mata abin da ke tsotse ruwa, ina za ta? Ga kunya, ga kishiya a gida, ga miji da bai san me ake ciki ba, yana ganin gudunsa ake yi.

Alhali maganin yana nan, kuma ba sabo ba ne: istirojin ɗan kaɗan da ake sawa a gaba kai tsaye, kirim ko 'yar ƙwayar matsi. Wanda muka fi gani shi ne Ovestin, sai kirim ɗin Premarin, sai kuma Vagifem ga wanda ya samo shi daga waje. Ana sawa kullum da dare na mako biyu zuwa uku, daga nan sau biyu a mako. Cikin 'yan makonni sauƙi kan fara bayyana, cikakken amfani kuwa sai wajen wata uku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne takardar da ke naɗe cikin kwalin. Wata dattijuwa daga wajen Kwanar Dangora, likitan mata ya rubuta mata kirim, ta saya da kuɗinta, bayan kwana kaɗan sai ga ta da 'yarta, malamar makaranta, kwalin yana cikin leda ko buɗe bututun ba a yi ba. 'Yar ce ta karanta takardar, ta ga an yi gargaɗi ga masu shan maganin tayirod.

"Anti, ga shi nan a rubuce," in ji ta, tana nuna mini da yatsa. "An ce yana taɓa maganin wuyanta."

Na juya wajen uwar. "Inna, ke me kika gani?"

"'Yar nan, ni dai na ce ko dai in bar na wuyan na ɗan kwana biyu in yi wannan, ko in haƙura da wannan ɗin. Ƙaiƙayin ne ba ya barina barci."

Duka zaɓi biyun da ta kawo ba daidai ba ne, kuma na farkon ya fi haɗari. Amma 'yar ba ta yi ƙarya ba, gargaɗin yana nan, kuma yana da tushe.

Tairoksin da ke yawo cikin jini, sama da kashi 99 cikin 100 a ɗaure yake jikin wasu furotin, babbansu shi ne wanda likitoci ke kira TBG, kuma hanta ce ke yin sa. Ɗan abin da ya saura a sake, shi ne kaɗai ke shiga cikin tsoka da zuciya da ƙwaƙwalwa ya yi aiki. Kamar hatsi ne: na cikin rumbu dukiya ne, amma wanda aka ɗebo aka kai turmi shi ke zama tuwo. Istirojin da aka haɗiya ta baki, daga hanji hanta yake fara isa, da ƙarfinsa duka, sai TBG ya ƙaru a jini. Rumbuna sun ƙaru ke nan, sun kwashe hatsi. Macen da tayirod ɗinta ke lafiya ba ta ma sanin an yi, domin halittar za ta ƙara fitarwa ta cike gurbi. Wadda aka cire wa kuwa, awonta na kullum ƙayyadadde ne, mikrogiram 100 ko 75 ko abin da aka rubuta mata, babu inda ƙari zai fito. Sai na sake ya ragu, TSH, wato sinadarin da ake aunawa a jini don duba aikin tayirod, ya hau, kasala da jin sanyi da taurin bayan gida su dawo.

Wani likita a birnin Kilibilan na Amurka, Baha Arafah, ya nuna wannan a binciken da ya wallafa a shekarar 2001. Ya bi mata 25 masu shan tairoksin da aka ɗora a kan istirojin na baki, miligiram 0.625 kullum, har mako 48. A cikinsu, 10 TSH ɗinsu ya hau ya wuce inda ake so. Mata 11 masu lafiyayyen tayirod da aka ba magani iri ɗaya, nasu bai motsa ba. Tun daga nan ya zama ƙa'ida cewa mai shan tairoksin da ta fara haɗiyar istirojin a sake mata gwaji cikin wata uku. Haka abin yake ga 'yan'uwa masu ƙananan shekaru da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin a ciki, kuma dalilin ke nan da mai juna biyu take buƙatar ƙari tun farkon ciki.

Na gaba kuwa hanyarsa daban. Ba ya bi ta hanji, ba ya afka wa hanta, kuma awonsa ƙanƙane ne ƙwarai. Ƙwayar istirojin ta baki, irin ta estradiol, miligiram 1 ce ko 2 a kowace rana. Ƙwayar matsi ta Vagifem mikrogiram 10 ce, sau biyu a mako. Idan aka tara abin da mace za ta sa a shekara guda cur, miligiram 1.14 ne, wato kusan ƙwayar baki guda ɗaya ta rana ɗaya. Ovestin kuma estriol ne a cikinsa, wanda ya fi estradiol rauni nesa ba kusa ba. A makonnin farko, da yake fatar siririya ce, ɗan abin da ke tsallakawa cikin jini ya fi yawa, amma da ta yi kauri sai ya ragu. A Ingila tun 2022 aka amince mace mai shekara 50 zuwa sama, wadda ta shekara ba ta ga al'ada ba, ta sayi irin wannan ƙwayar mai mikrogiram 10 a kantin magani ba tare da takardar likita ba, bayan mai harhaɗa magani ya yi mata tambayoyi. Gargaɗin da ke cikin kwalin, gargaɗi ne da aka rubuta wa dangin istirojin gaba ɗaya, aka liƙa wa babba da ƙarami.

Don haka amsar da na ba Inna ita ce: ta sa kirim ɗinta yadda aka rubuta, ta ci gaba da ƙwayar safiya ko fashin rana ɗaya babu. Ba sai an raba musu lokaci ba ma, domin ba sa haɗuwa a ciki.

Inda nake taka-tsantsan shi ne kirim, musamman Premarin. Ƙwayar matsi awonta a yanke yake, kirim kuwa hannun mai sawa ne ke aunawa. Kowane giram ɗaya na Premarin yana ɗauke da miligiram 0.625, kuma yawanci rabin giram ake so. Bututun turawar yana da layuka a jikinsa. Nakan fito da shi in nuna layin da farce, in sa mace ta nuna mini da kanta, saboda na ga masu cika shi fal kowane dare wata da watanni, a tunanin yawa shi ne saurin warkewa. A irin wannan awon, abin da ke shiga jini ba ɗan kaɗan ba ne, zai iya taɓa lissafin tairoksin, zai iya kuma kumbura bangon mahaifa. Alamar da mace za ta fara ji ita ce nono ya yi tsami.

A ra'ayina, duk da haka, gwajin TSH guda ɗaya bayan wata biyu zuwa uku da farawa ba asara ba ne ga mace iri uku: wadda aka cire wa tayirod gaba ɗaya, wadda aka yi wa aikin saboda ciwon daji kuma ake so TSH ɗinta ya zauna ƙasa, da mai amfani da Premarin. Na san abin da nake nema. Gwajin nan galibi sai an shiga Kano, Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ko ɗakunan gwaji masu zaman kansu, ko a nufi Zariya. Daga Doguwa yini ne guda, ga kuɗin mota, ga na gwaji, ga ɗan rakiya. Shi ya sa nake cewa a daidaita shi da ranar komawa ganin likita, a yi tafiya ɗaya. Ba a buƙatar zuwa da yunwa. Mai shan ƙwayar gyaran gashi da farce mai biotin ta ajiye ta kwana biyu kafin a ɗebi jini, domin tana rikita sakamako.

Akwai kuma juyin abin, wanda ba a cika tunawa da shi ba. Macen da aka ƙara wa tairoksin lokacin da take haɗiyar istirojin, idan ta daina ko aka mayar da ita kan na gaba, awon nan na iya yi mata yawa. Bugun zuciya, rawar hannu, gumi, rashin barci, sai a ce ai manyanta ce. Tairoksin da ya yi yawa a jikin dattijuwa yana cinye ƙashi, yana kuma birkita bugun zuciya. Alamomin tayirod da na ɗaukewar al'ada sun yi kama da juna ƙwarai, ido ba ya raba su, sai jini. Kada mace ta ƙara ko ta rage rabin ƙwaya da kanta.

Gaskiyar magana, a tagarmu ba istirojin ne ke yawan lalata aikin tairoksin ba. Karin kumallo ne. Ƙwayar nan tana son ciki wayam da ruwa zalla, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a ci komai. Idan na tambaya, "Hajiya, da me kike haɗiyarta?" sai in ji da koko, ko da shayi mai madara. Awara da madarar waken suya suna rage shigarta jiki, haka nono da kindirmo saboda kalsiyam. Mafi muni su ne ƙwayar ƙarin jini, da ƙwayar kalsiyam da ake ba dattijai don ciwon gwiwa, da farin ruwan maganin olsa. Waɗannan suna kama ta tun a hanji, dole a ba su tazarar awa huɗu. Maganin tarin fuka mai rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya kuma suna sa hanta ta ƙona ta da sauri, mai shan su sai an duba awonta. Sai yankewa: ƙwaya ta ƙare, damina ta ɓata hanya, kuma da yake tana ɗaukar kusan mako guda kafin rabinta ya fita daga jiki, mace ba ta jin komai a kwanakin farko, sai ta ɗauka ta warke. A saye ta cikin sacet ɗinta na asali, a nisanta ta da murhu da taga. Idan aka canza kamfani, a faɗa wa likita.

A watan azumi nakan ce a farka da wuri a sha ta rabin awa kafin sahur, ko a sha lokacin kwanciya idan an yi awa uku ba a ci komai ba. Na gaban da ma da dare ake sa shi.

Wadda ta taɓa ciwon dajin nono ko na mahaifa, kada ta fara istirojin kowane iri sai likitan da ke bin ta ya amince. A halin yanzu za ta iya amfani da man santsi mai ruwa, irin K-Y, wanda babu sinadarin a cikinsa. Wadda kuma ta ga jini bayan ta shekara da ɗaukewar al'ada, ko ɗigo ɗaya ne a zani, ko bayan kwanciyar aure ne, ba kirim take buƙata ba tukuna. Ta je a duba bakin mahaifa, a yi mata hoton ciki a auna kaurin bangon mahaifar, kafin a rubuta mata komai.