Likita Mila da Hausar da Ya Koya

'Ya'yana na Samaru da Sabon Gari, na ga da yawanku kun fara ɗaukar lasifika, wasu a coci, wasu a masallaci, wasu a waya. Madalla. Amma ku matso in ba ku labarin Likita Mila tukuna.

Likita Mila, wato Walter Miller, likita ne ɗan Ingila, ɗan mishan na CMS. Kafin ya tako ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ya zauna cikin Hausawa mahajjata da fatake, yana kasa kunne, ana yi masa gyara. A 1900 ya biyo Bishop Tugwell har Kano, Sarki Alu ya ce su tattara nasu ya nasu su fice. Suka dawo Girku. A 1905 ya samu shiga birnin Zazzau, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929.

Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya yi ta aikin fassarawa, bai fito cikakke ba sai 1932. Ku lissafa da kanku: fiye da shekara talatin mutum yana bin ƙauyuka, yana zama a tabarma da Hausawa abokan aikinsa, ana jan kalma ɗaya har rana ta faɗi. Ko ka yarda da saƙonsa ko ba ka yarda ba, wannan wahalar ta isa a sara mata. Ku kuwa, yaro ya haddace aya biyu jiya, yau yana fassara wa tsohuwa da Hausar da rabinta Turanci ce, ba ya ko tsayawa ya ji ko ta gane.

Ba zan ɓoye muku aibinsa ba. Yana da kaifin harshe. Ya yi ta kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi wurin Turawa, kuma a littafinsa na 1936, Reflections of a Pioneer, bai raga wa sarakuna ba, bai raga wa Turawan mulki ba. Wani abin da ya faɗa kan zaluntar talaka gaskiya ne, sai dai zafin faɗar ya rufe masa ƙofofin da maganinsa ya buɗe.

Ku da ke jami'a, ku nemi littafin ku karanta da idon basira. Ran Asabar kuma ku hau keke Napep zuwa Wusasa, ku tambayi tsofaffin can yadda Isawa, masu riƙo da Annabi Isa, suka zo wurin Likita Mila a 1913, zuriyar da Farfesa Ishaya Audu, tsohon shugaban jami'arku, ya fito daga cikinta.