Filin Kimiyya: Yadda Ake Haɗa Koren Shayi Ba Tare Da Ɗaci Ba



Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ta Boɗinga da Shagari, ya san ba a rasa teburin mai shayi ko majalisar da aka ɗora 'yar buta a kan gawayi. Idan hunturu ya kama, ko jarrabawar WAEC da NECO ta matso, shan shayi kan ƙaru a tsakaninmu. Sai dai da yawa muna ƙona ganyen, sannan mu zuba sukari fiye da kima don rufe ɗacin.

Daga ina yake?

Koren shayi da baƙin shayi itace ɗaya ne ke ba da su. Bambancin yana wajen sarrafawa. Baƙin shayi ana barin ganyensa ya sha iska har ya rine, shi kuwa kore ana turara shi ko a gasa shi da zarar an tsinko, don ya riƙe launinsa. Ƙudundunannen ganyen da Buzaye ke dafawa sau uku daga ƙasar Sin ake kawo shi. A Najeriya ma ana noman shayi a tsaunin Mambila, Jihar Taraba.

A Japan akwai wani nau'i da ake kira maca. Ana yi wa itacen rumfa na 'yan makonni kafin girbi, a busar da ganyen, a niƙa shi da dutse ya zama gari mai laushi. Garin Uji, kusa da Kiyoto, ya shahara da shi. Ba a tace maca. Ana tankaɗe kimanin giram 2 a kwano, a zuba ruwan zafi kaɗan, a burga da maburgin gora har ya yi kumfa, a sha da garin. Daka ganyen kasuwa a turmi ba zai ba ka maca ba, amma darasin Japanawa zai yi mana amfani: galibi ba sa zuba wa koren shayi tafasasshen ruwa.

Me ya sa?

Ruwa na tafasa a digiri 100. Wannan zafin kan fitar da sinadaran ɗaci da bauri da sauri. Koren shayi ya fi son kusan digiri 80. Ba sai da ma'aunin zafi ba. Haɗa kofi 3 na tafasasshen ruwa da kofi 1 na ruwa mai tsabta daga randa, mai kimanin digiri 25. Lissafin shi ne 300 a tara da 25, a raba gida 4, ya ba da kusan 81.

Matakai

1. Auna ƙaramin cokali ɗaya na ganye ga kowane kofi.
2. Ɗauraye ganyen da ɗan ruwan zafi, ka zubar nan take.
3. Zuba ruwan da ka haɗa, ka rufe butar.
4. Jira minti 2 zuwa 3, kada ya wuce.
5. Tace duka a kofi. Ɗanɗana kafin ka sa sukari. Na'a-na'a ko citta na ƙara ƙamshi.
6. Kada ka zubar da ganyen, zai sake yi sau ɗaya ko biyu.

Adana sauran ganyen a gwangwani mai murfi, nesa da rana da kayan yaji.

Hattara biyu

Na farko, shayi na ɗauke da kafeyin, mai hana barci. Jiki na ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabinsa. Wanda ya sha da ƙarfe 9 na dare, rabi na nan a jikinsa har ƙarfe 2. Ga sallar Asuba, ga aji da safe, kuma ƙwaƙwalwa a cikin barci take adana abin da aka karanta. Gara a sha kafin La'asar.

Na biyu, shan shayi tare da abinci na rage sinadarin ƙarfe da jiki ke samu daga wake da zogale, wanda ake buƙata don yin jini. Wannan ya fi shafar 'yan uwanmu mata. A bari a yi awa ɗaya bayan cin abinci.

Tambayar mako: idan ruwan randa digiri 30 ne, nawa haɗin zai ba da? A miƙa amsa ga editan allo kafin Juma'a.