WASWASI: ABIN DA LIKITOCIN ƘWAƘWALWA SUKA GANO DA ABIN DA AHALARI YA KOYA MANA



Kwanakin baya wani matashi ya tsayar da ni bayan sallar Isha'i a nan Kaikai. Ya ce: "Malam, buta uku nake ƙararwa a alwala ɗaya, kabbarar harama kuwa sai na yi ta sau goma. An yi min ruƙiyya, an sha rubutu, abin sai gaba yake. Ko dai na halaka ne?" Wallahi hawaye yake. Shi ya sa na ga ya dace mu yi darasi a kan yadda masana halayyar ɗan Adam suke kallon irin wannan.

Manyan mahangarsu guda uku ne.

Ta farko ta Sigmund Freud ce, wanda ya rasu a 1939. A ganinsa damuwar babba tana da saiwa a abin da aka danne tun ƙuruciya, maganinta kuma a bar mutum ya yi ta magana har ɓoyayyen ya fito. Amma shi Freud ya ɗauki addini a matsayin ruɗi, kuma ya ɗora kusan komai a kan sha'awa. Wannan kam mun yi watsi da shi.

Ta biyu ta masu nazarin ɗabi'a ce, irin su Pavlov da Skinner. Suka ce abin da ka yi ka ji sauƙi, shi za ka sake yi. Mai waswasi idan ya sake alwala yana samun natsuwar minti biyu, to wannan ɗan sauƙin shi ke ciyar da cutar. Daga nan aka fitar da magani a Landan a 1966: mutum ya fuskanci abin da ke tayar masa da hankali, a hana shi maimaitawa, har fargabar ta sauka da kanta.

Ta uku ta Aaron Beck ce a Amurka: gurguwar fassarar da zuciya ke yi wa abu ita ke haifar da baƙin ciki da tsoro. Likita zai zauna da kai ku auna tunanin, shin gaskiya ne ko zato?

Yanzu ku dawo gida. Duk wanda ya yi zaure ya karanta Ahalari ya san hukuncin mai waswasi a babin rafkanwa: ya yi watsi da kokwanton, kada ya sake abin da yake shakka a kai, ya yi sujjada bayan sallama. Ka ga ai hanya ta biyu kenan, ƙarnoni kafin Landan. Haka Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, ya yi bayanin fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi a Masalihul Abdan wal Anfus, ya ba da shawarar a tanadi kyawawan tunani tun ana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a ɗaki. Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara sashen zuwa Turanci.

Matashin nan mun yi yarjejeniya: buta ɗaya, kabbara ɗaya, ko zuciya za ta yi ihu. Na kuma haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, domin ni limami ne, ban karanci likitanci ba. Makon farko ya sha wuya. Yanzu alhamdu lillahi a sahun gaba nake ganinsa.

'Yan uwa, ba kowace damuwa ce aljani ba, kuma ba raunin imani ba ce. Ba mu manta da mutanen da aka fito da su ɗaure da mari a Daura da Katsina a 2019 ba. Azkar da addu'a ba sa hana zuwa asibiti. Wanda ya daina barci, ko yake jin muryoyi, ko yake maganar kashe kansa, a gaggauta kai shi Babban Asibitin Kankia, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano. Kada a jira.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu daga sharrin waswasi. Amin.