Ka Ci Amfanin Gona, Ka Bar wa Magada Asalinta

'Ya'yana, akwai wata kyauta da ake yi a gidajenmu ba tare da an san iyakarta ba. Mutum ya ce wa ƙanwarsa da mijinta ya rasu, "Zauna a gidan nan muddin ranki," ko ya ce wa ƙaninsa, "Ka yi ta noman gonar nan har Allah ya karɓi abinsa." Malaman fiƙihu suna kiran wannan umra. A mazhabar Imamu Malik, wadda alƙalanmu ke bi, amfani kawai aka bayar. Ranar da wanda aka bai wa ya cika, gona ta koma hannun mai ita, in ya riga ya rasu ta koma ga magadansa. Hanafawa da Shafi'awa kuwa suna ganin ta zama mallakar wanda aka bai wa, har 'ya'yansa su gada. Saboda haka a fayyace magana tun ranar bayarwa.

Kai da aka danƙa wa gona, noma ka ci, hatsi da kara duk halalinka ne. Amma ba ka da ikon sayarwa, ko jinginar da ita, ko yanka ta fuloti don gari ya matso. Kada ka sare ɗorawa da kuka da gawo ka kai kasuwar itace, kada ka bar masu bulo su kwashe ƙasarta su bar rami. Ka kai taki, ka tsare iyaka, in gida ne ka yi yaɓe kafin damina. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma masu jiran gonar nan sau da yawa marayu ne da ba su kai yin magana ba. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta isa gargaɗi ga mai cin dukiyarsu.

Ku kuma magada, ku yi haƙuri. Kada ku riƙa zagaya tsohuwa da dillalai tana raye. Uwarku tana da tumuninta a gado, kuma in kun amince ta zauna a gidan mahaifinku iya rayuwarta, ku cika alkawari ko da farashin fili ya tashi.

Mai niyyar bayarwa, ka yi tun kana da lafiya, wanda aka bai wa ya karɓa a hannu. In ka bari sai ciwon ajali, ta zama wasiyya: ba ta wuce sulusi, kuma ba ta halatta ga magaji sai da yardar sauran.

Sannan a rubuta. A kira shaidu biyu adilai da mai unguwa ko dagaci, a ambaci iyakokin gona ta kowace kusurwa, da sunan mai ci yanzu, da waɗanda za ta koma wa. A Nijeriya, tun dokar filaye ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar gonakin ƙauye, gwamna kuma ta filayen birni. A Nijar akwai kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa. Kada takardar mallaka ta fita da sunan mai ci shi kaɗai, domin da ita ake sayarwa a ɓoye.

Wasu na jin kunyar neman rubutu tsakanin 'yan'uwa, wai alamar rashin yarda ce. Ku da kuka yi maganar kun yarda da juna, amma jikokinku ba sa wurin, kuma su ne za su tsaya gaban alƙali. Allah ya yi muku albarka, ya raba ku da cin haƙƙin wani.