Yadda ake saita log na PostgreSQL, da yadda ake aika gyara

Dillalin rake a Makarfi, mai kemis a Ikara ko manomin inabi a Kudan, duk wanda aka gina wa manhajar lissafi a kan PostgreSQL, wata rana zai kira ya ce ta yi nauyi, ko an ɗauke wuta ta ƙi tashi. Amsar tana cikin log, wato kundin da sabar ke rubuta abin da ya same ta.

Saitin yana cikin fayil ɗin postgresql.conf:

logging_collector = on
log_timezone = 'Africa/Lagos'
log_line_prefix = '%m [%p] %u@%d '
log_min_duration_statement = 500

Layin farko yana tattara saƙonni cikin fayil, amma sai an kashe sabar an kunna zai fara aiki. Na biyu yana daidaita lokacin da agogon Najeriya. Na uku yana sa lokaci, lambar aiki, sunan mai amfani da na rumbun bayanai a gaban kowane layi. Na huɗu yana kama duk umarnin da ya kai rabin daƙiƙa. Waɗannan ukun, SELECT pg_reload_conf(), ya isa. Daga PostgreSQL 15 na 2022, ana iya fitar da log ɗin a tsarin JSON.

Sai dai a yi hattara da log_statement = 'all'. Yana cika faifai, kuma yana kwashe sunaye da lambobin wayar kwastomomi, har da kalmar sirri, ya zuba su a fili. Bayanan mutane amana ne, ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.

Idan log ya nuna laifin daga PostgreSQL ne kanta, ƙofa a buɗe take, domin buɗaɗɗiyar manhaja ce da aka rubuta da yaren C. Abin da ke GitHub kwafi ne kawai, ba a karɓar gyara ta can. Ana haɗa gyaran da git format-patch, a aika wa pgsql-hackers ta imel tare da bayanin matsalar, sannan a yi masa rajista a CommitFest. Ana kuma sa ran wanda ya kawo gyara ya duba na wani.

Ba a tambayar digiri. Sabon shiga zai iya farawa da gyara kuskure a littafin bayanin manhajar, ko rahoton matsala mai ɗauke da lambar sigar da layukan log, bayan ya goge bayanan kwastoma.